Tsokar Baba a Cikin Ƙanƙara

Baba mahauci ne a kasuwar Adjamé, amma bai yarda wuƙa ta hau nasa jikin ba sai da ƙullutun wuyansa ya kai ƙwan kaza. Likita ya ce a yanko 'yar tsoka a duba, sai an san ciwo ake sanin magani. Baba ya ce to, amma sau ɗaya.

Shirya irin wannan tsoka kuwa shi ne aikina a wani labo, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, a Treichville, tsallaken gada daga Adjamé. Tana zuwa a kwalbar formol, ruwan nan mai hawa kai da ke hana ta ruɓewa. In tsotse mata ruwa, in binne ta a kaki irin na kyandir, in yanka ta ta fi bawon albasa siranta, in rina ta a kan gilashi, sannan likitarmu ta leƙa ta madubin ƙara girma. Baba kan ce ni ma mahauciya ce, sai dai namana ko ƙuda ba ya ƙosarwa.

Ran Juma'a da la'asar aka yanko tsokar, labo ya riga ya tashi, aka ba yayana kwalbar ya ajiye zuwa Litinin. Yayana shi ya gaji teburin Baba, kuma a duniya ba abin da ya tsana irin nama ya kwana a zafi.

Litinin da safe sai ga shi ya tsallako gada da kula a kafaɗa, yana ta fara'a.

"Ƙanwata, ga amana. Ruwan nan wari yake, na zubar. Na sa ta a konjilatar da muke daskarar da nama tun Juma'a, ko ƙuda bai gan ta ba."

Na buɗe kular. Tsokar Baba ta daskare kamar tsakuwa.

Duk da haka na yi aikin, ban tsallake komai ba. Da na leƙa madubin, ramuka kawai na gani. Ƙanƙara ta farfasa ƙwayoyin naman. Likitarmu ta duba, ta sake dubawa, ta ce ba abin karantawa, sai an sake yanka. Hannuna ya iya aikinsa, amma ranar bai tsinana mini komai ba. Na shiga banɗaki na yi kuka.

Da yamma na tarar da Baba a tabarma, ƙullutun na nan ƙarƙashin bandeji. Na durƙusa na ce tsokar ba ta nuna komai ba, a daure a sake.

"Dabba ma sau ɗaya ake sa mata wuƙa," in ji shi. Ya juya fuska bango.

Na roƙe shi, na kawo kawu, na kawo liman. Bai yarda an sake ba. Har muka binne shi ba mu san sunan ciwon ba.

Ran sadakar uku yayana ya ja ni gefe, idonsa jawur.

"Amma dai ta iso miki da sanyinta, ko?"

Na ce, "Ta iso, Yaya."