Aiken Yaya Hansai: Na Je Jidda Roƙon a Karɓe Fasfon Habibu

Litinin: Dambatta zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba na fita daga gida, ladan bai ko gyara murya ba. Aike ne ya tashe ni. Yayata Hansai ɗa ɗaya ya rage mata, Habibu, shekararsa bakwai yana tuƙi a Jidda, shi ke riƙe da ita da jikoki uku marayu. Bana ya bar tsohon ubangidansa ya koma direba a ofishin jakadancin wata 'yar ƙaramar ƙasa ta tsibiri, wadda ba zan faɗi sunanta ba, don ko na faɗa sai kun ce in maimaita. Bai daɗe da fara aikin ba ya kira gida da muryar mai zazzaɓi, wai an miƙo masa fasfonsa. A sanin Habibu, idan kafili, wato wanda ya tsaya maka ka zauna a ƙasar, ya buɗe aljihun tebur ya ba ka fasfonka, to ka fara ɗaure kaya. Aiki ya ƙare.

Dangi suka taru suka ce ni zan je ban haƙuri, tunda dama ina shirin Umra, kuma ni ne tsohon hedimasta mai Turanci. Ban yi gardama ba. Mutumin da ya shekara talatin yana raba rigimar malamai da iyayen yara, jakadan ƙasa ɗaya ba zai gagare shi ba. Haka na gaya wa kaina.

Yaya ta rako ni har bakin mota da wani ƙunshi da aka naɗe da igiya kamar za a jefa rijiya. Ta ce, "Sabo, kada a kwance sai a gaban jakadan. Ka roƙe shi ya karɓi fasfon nan ya mayar inda ya ɗauko. Ko durƙusawa ta kama, ka durƙusa, gwiwarka ba ta fi tuwon marayu ba."

Kilomita kamar hamsin ne zuwa Kano, mun ci su cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, da shinge biyu a hanya. A na biyun ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Baba, ina aka nufa?" Na gyara hula na ce aikin jakadanci. Ya shaƙi iskar motar, ya dubi ƙunshin da ke cinyata, ya ce, "Allah ya taimaki jakadan miyar kuka, a wuce." A nan na san akwai daddawa a ciki, ba kaɗan ba.

Jirgi ya ɗaga sha ɗaya da minti arba'in. Awa huɗu da rabi muka yi a sama, muka sauka Jidda shida da minti goma a agogonsu, wanda ya riga namu da awa biyu. Daga nan motar ayari ta wuce da mu Makka. Ranar Talata na yi Umrata, wannan kuwa tsakanina da Ubangijina ne. Abin da zan faɗa kawai, na yi wa mutane da yawa addu'a, amma wani jakada da ban taɓa gani ba ya fi kowa samun kaso.

Laraba: Kurayyat

Ƙarfe tara na safe na hau tasi daga Makka, kilomita kamar tamanin, sha ɗaya saura na sauka a Kurayyat, kudancin Jidda. Habibu na tsaye a bakin titi. Na bar shi saurayi mai kumatu, na tarar da magidanci ramamme, yana ta dafa aljihun gaban rigarsa kamar mai ciwon ƙirji. Fasfon ne a ciki.

Masaukina gidan Baba Bakur ne, inda Habibu ke haya. Dattijo ne haifaffen Jidda, kakansa ya taho aikin Hajji a ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba. A Karantina aka haife shi, can ya tsufa, sai da aka rushe unguwar ya dawo nan. Hausarsa rabinta Larabci ce, kuma bai taɓa ganin abu ya ce alheri ne ba sai ya juya shi ya duba ƙasansa. Ya aika aka sayo ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗan burodi, na riyal biyar, muka ci mu uku har ya rage.

Na ce Habibu ya faɗa mini laifin da ya yi. Ya ce, "Wallahi Kawu ban sani ba. Ranar farko da na je wajen Oga aka ba ni fasfo. Sai aka ce Juma'a da Asabar kada in zo. Sai aka fara ce mini Mista Habibu."

Baba Bakur ya ajiye burodi ya ce, "Mista! Ya Ustaz, ka ji? Shekara sittin ina balad ɗin nan, ban ga an ce wa sawwag, wato direba, Mista ya kai wata ba."

"Rannan har kujera aka ba ni, wai in zauna a sha shayi. Sai kuma wannan." Ya ciro takarda. Na sa tabarau na karanta, hutu ne na kwana talatin.

"Ijaza," in ji Baba Bakur, yana kaɗa kai. "Ijazar da ba dawowa. Kana fita a soke iƙama. Halas."

Iƙama ita ce takardar zama, in babu ita babu aiki. Na ce kada kowa ya damu, gobe za a ga yadda ake jakadanci. Amma ni ma shayin nan bai kwanta mini ba.

Alhamis: ofishin jakadanci

Mun tashi mu uku, har da Baba Bakur, bakwai da rabi, minti arba'in zuwa arewacin gari. Na zaci zan ga gini mai sojoji a ƙofa. Ashe hawa na biyu ne a saman shagon labule, da tuta wadda ba ta fi hankicin aljihu ba. A falon jira akwai taswirar duniya a bango. Na hango wani ɗigo cikin shuɗin teku, na ɗauka kashin ƙuda ne, na sa farce ina kankarewa. Sai na ji murya a bayana cikin Turanci: "A hankali, Malam, babban birninmu ke nan."

Na juya, sai ga wata mata gajera mai furfura, da abaya da tabarau a goshi, tana riƙe da butar shayi. Na ce mata jakada muke jira. Habibu ya rusuna ya ce, "Kawu, ita ce Oga."

Na ajiye masa wannan a raina, tunda bai taɓa gaya mini mace ce ba. Muka shiga ofis, na kwance ƙunshin Yaya a gabanta kamar yadda aka umarce ni. Abu na farko da ya fito babbar riga ce ta maza mai aska takwas, wadda za ta lulluɓe matar sau biyu, da hula zanna. Daga nan daddawa, kuka, yaji da galan ɗin zuma. Kwandishan ya ɗauki ƙamshin daddawa ya raba wa kowane ɗaki.

Duk da haka na yi jawabina. Na kawo gaisuwar al'ummar Dambatta, na ce muna fatan zumunci tsakanin ƙasarta da unguwarmu, na ce yaron nan in ya yi kuskure yarinta ce, ko da yake ya ba arba'in baya. Ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya, sannan ta ce dokar ƙasarsu ta hana ta karɓar kyauta. Duk abin da aka bari, dole ta aika babban birni a sa shi cikin gilashi a ma'aikatarsu jama'a su riƙa kallo. Na hango daddawar Yaya cikin gilashi.

Baba Bakur ya raɗa mini, "Ta ƙi hadiya. Yalla, Ustaz, sai ƙasa."

Na durƙusa. Gwiwata ta dama ta yi ƙara ta riƙe. Matar ta zaro ido, ta ce a garinsu ba a tsayawa a kan dattijo, ita ma ta durƙusa. Habibu ya ga Oga a ƙasa, ya zube. Baba Bakur ya duba ya ga shi kaɗai ya rage a kujera, ya sauko yana nishi. Haka muka yi zaman, mu huɗu a kan darduma, kujeru huɗu suna kallonmu. Na karɓi fasfon daga hannun Habibu na tura gabanta. Ta turo mini. Na sake turawa, ta sake turowa, sai ka ce masu wasan dara.

Na ce to a yi sulhu, ta riƙe shi Lahadi zuwa Alhamis, ya riƙe Juma'a da Asabar. Ta yi dariya har tabarau ya faɗo mata a hanci. Da ta gama sai ta ce, "Malam, ƙasata ba ta da soja, ba ta da mai. Abin da muke da shi kujera ɗaya ce a taron ƙasashe, da baki ɗaya. Ba ma shiga rigimar manya, da kowa muke gaisawa. Amma akwai magana guda da muke maimaitawa a kowane taro har an gaji da mu: kada wani ya riƙe takardun ma'aikaci. Ministarmu ta sake faɗa kwanan nan. In na kulle fasfon direbana a tebur, da wane baki za ta ƙara magana? Ai ko dokar ƙasar nan ta hana."

Na fassara wa Baba Bakur. Ya ce, "Sahih, nizami ya hana. Amma wa ya taɓa ganin wanda ya bi don Allah?"

Ta ce mazan tsibirinsu aikin jiragen ruwa suke fita yi a ƙasashen waje. Mahaifinta ma haka. Wani kyaftin ya kulle fasfonsa a akwati shekara huɗu, har kakarta ta rasu tana tambayar ko jirgi ya iso. Sai ta juya wajen Habibu ta ce, "Yaushe rabonka da mahaifiyarka?"

Ya ce shekara bakwai.

"To hutun na wannan ne. Sati biyar ina ce maka ka tafi, kana ce mini in yi haƙuri, ka fita ka sake wanke mota. Sau uku kake wanke ta a rana, fenti ya fara tashi." Ta miƙa hannu kan tebur ta jawo ambulan, tikiti ne na zuwa da dawowa, da bizar fita da komowa. "Kuma ka dawo, don Allah. Ranar da na tuƙa kaina zuwa taro, a kasuwar kifi na tsinci kaina."

Habibu ya riƙe ambulan ɗin yana dubawa, sai kawai ya fashe da kuka, irin na yaro. Ni kuwa kunya ta kama ni, da haushi. An shekara bakwai ana koya wa ɗan 'yar'uwata cewa mutunci alamar kora ce, ni kuma na tsallake teku da Turancina na zo in taya shi roƙon a ci gaba. Baba Bakur ya karɓi tikitin ya ɗaga shi saitin fitila, ya juya bayansa, bai sami komai ba. Sai da shi da Habibu suka kama ni kafin na miƙe.

Juma'a da Asabar

Dokar tasu ba ta hana cin abinci a gidan mutane ba, don haka ranar Juma'a bayan masallaci ta zo Kurayyat a tasi, tunda ranar hutun direba ce. Uwargidan Baba Bakur ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Baƙuwa ta zuba yaji cokali guda kafin a hana ta, ta sha ruwa kofi uku, ta ce ƙasarsu ba ta taɓa shelar yaƙi da kowa ba amma yau ta ga dalili. Babbar riga Baba Bakur ya gaje ta. Ranar Asabar muka yi yawon tsaraba a Madain Fahd, Habibu yana ta tambayata ko Inna har yanzu tana son shuɗi. Ya roƙe ni kada in gaya mata yana tafe, na yarda da sauri, don ban san ta inda zan fara bayani a waya ba.

Lahadi: gida

Jirgi ya tashi tara da rabi na safe, muka sauka Kano sha biyu daidai a agogonmu. Kafin a fito da kaya a sami mota, la'asar ta yi mana a ƙofar gidan Yaya. Na yi sallama na shiga gaba, Habibu a bayana da akwati. Tana bakin murhu. Ta dube ni, ta dube shi, ta miƙe da muciya a hannu.

"Sabo! Na aike ka ka mayar da fasfo, ka kwaso mini har mai fasfon? An kore shi ke nan!"

Na ja da baya ina bayani, na kawo kujera ɗaya, da ministar, da kyaftin ɗin jirgi. Ba na jin ta ji ko rabi. Muciyar ta sulale daga hannunta, ta isa gabansa ta kama fuskarsa da hannu biyu tana shafawa. Ta ce, "Habibu, yaushe ka yi furfura ban sani ba?"  Na juya ina gyara igiyar akwati, wadda ba abin da ya same ta.

Da ta natsu ta ce kwana nawa aka ba shi. Ya ce talatin, kuma aikinsa yana nan. Ta ce, "Mu ga fasfon." Ya ciro ya ba ta. Ta juya shi gaba da baya, ta naɗe shi a gefen zaninta ta ƙulle tam. Na ce, "Yaya, ai abin da ƙasar nan take yaƙi da shi ke nan a duniya."

Ta ce, "Su da suke da minista. Ni uwa ce."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da gwiwa ɗaya da rabi. Na gode wa Baba Bakur da iyalinsa, Allah ya ba su matsuguni mai ɗorewa, da baiwar Allah ta saman shagon labule, wadda ta durƙusa wa tsohon da ya zo da shirme. Yau da nake wannan rubutu saura kwana tara hutun ya ƙare, kuma dangi sun sake taruwa sun ce ni zan je in karɓo fasfon daga wajen Yaya, tunda na saba da aikin. Na ce musu wannan ta fi ƙarfina.