Hoton da Muka Aika Sabuwa

Kyamarata ba ta manya ba ce. Wata 'yar bautar ƙasa da ta koyar a makarantarmu a Ƙanƙara ce ta sayar mini da ita lokacin da za ta koma garinsu, aka yi sa'a na kwashi adashe a makon. Baƙa ce mai ɗan nauyi, irin wadda ake murɗe bakinta a cire a sa wani, sai dai ni baki ɗaya gare ta, wanda ta zo da shi. Masu sana'ar hoto suna ce mata ta 'yan koyo. Su faɗi abin da suka ga dama. Ni dai in na kafa ido a 'yar tagar leƙawa na danna, na ji madubin ciki ya yi ƙas, wani daɗi nake ji har cikin raina.

Ranar da na shigo da ita gida rataye a wuya, maigidana ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mata na sayen sarƙa, ke kin rataya ƙarhe." Na ce masa sarƙa ba ta taɓa ɗaukar kowa hoto ba. Daga nan ban bar kowa ya huta ba. Na ɗauki 'yan ajina, na ɗauki awakin maƙwabta, na ɗauki mai ƙosan bakin layinmu har sai da ta ce in bar ta ta nemi abincinta. A saman kyamarar akwai wani ɗan maɓalli da ake juyawa, da haruffa kewaye da shi da alama guda koriya. Wadda ta sayar mini ta ce in bar shi a kan kore, kyamara za ta yi komai da kanta. Na bar shi a nan kusan shekara, ina ta yabon kaina.

Abu ɗaya ne yake ɓata mini rai. Mutanenmu sun yarda cewa hoto sai a rana, kuma sai da fararen kaya. Mutum zai zunduma farin hijabi, ya tsaya tsakar gida da azahar, ya ƙame kamar an kira shi gaban alƙali. In fari ne ya tsira. In baƙi ne kuwa, sai hijabi ya fito tas, fuska ta zama wani duhu mai ido biyu. Nakan ce laifin kyamara ne, ai ta 'yan koyo ce, in wuce.

Sai maganar auren Auta ta taso.

Auta ƙanwata ce, ita ce ƙarama a ɗakin Inna. Duk cikinmu ita ta ɗauko Baba, baƙa ce sosai, baƙi mai sheƙi, ga dogon wuya ga wushirya. Kakarmu tun tana raye take tsokanarta da baƙar tukunya mai fid da farin tuwo, ita kuma ta rama, a yi dariya. Ban taɓa jin launinta ya dame ta ba. Wanda zai aure ta mutumin Sabuwa ne, malamin asibiti a Faskari, shi ya gan ta ya ce yana so, ita ma ta ce tana so. Maza sun zo daga Sabuwa an yi tambaya an sa rana bayan kaka. Mata kuwa ba wadda ta zo, don hanyar ba ta biyuwa yadda ake so, ga lalacewa ga tsoro, mahaifiyarsa Hajiya kuma ƙafa ta hana ta doguwar tafiya. Abin da matan gidan suka sani game da amaryarsu shi ne abin da waya ta nuna musu.

Abin da waya ta nuna musu kuwa hoton da aka yi ne a wani shagon hoto a Faskari, irin wanda masu shirin aure suke yi yanzu. Mai shagon ya zauna gaban kwamfuta ya ƙara wa fatar Auta haske, ya ƙara, ya sake ƙarawa, don a ganinsa alheri yake yi mata. Da na ga hoton dariya na yi, na ce wannan Balarabiyar daga ina? Ban san abin zai zama na kuka ba.

Wata Juma'a da la'asar na je gaida Inna, na shiga ɗakin Auta neman tsintsiya, sai wani wari mai kama da na magani ya bugi hancina. Bayan akwati na tarar da wata roba ba rubutu a jikinta, cike da man haɗi, irin wanda ake shafawa fata ta yi fari. Da ta shigo na kama haɓarta na juya fuskar wajen haske. Gefen muƙamuƙinta har ya fara yin wani ja-ja, fatar wurin ta yi laushi kamar ta ƙuna. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da ma ba a san ni da sanyin baki ba, na zazzage mata tas, na lissafo mata matan da muka sani waɗanda fuskarsu ta dame ta zama kala uku, ba sa iya fita rana sai da niƙabi.

Ta bar ni na yi ta faɗa sai da na gaji. Sannan ta ɗauko wayarta ta kunna mini saƙon murya. Ƙanwar angon ce, tana ta murna: "Ashe amaryar tamu hwara ce tas! Kowa ya gani sai ya ce yayanmu ya iya zaɓe."

Auta ta kashe wayar ta ce, "Yaya, kin ji ko? Mutanen Sabuwa wata suke jira, ba ni ba. Ranar da aka buɗe mani kai gaban mata, mi zan ce masu?"

Na ce, "Shi angon bai san kalarki ba ne?"

Ta ce, "Shi ya sani. Ai ba shi zan zamna da shi tsakar gida ba in ya tahi aiki."

Gaskiya ta faɗa. Yarinya za ta je garin da ba ta da kowa, kuma tun ranar farko za a ce an yi musu rufa-rufa. Ni kuma na san in aka bar ta da robar nan har kaka, fatar da Allah ya ba ta ta tafi ke nan, ba ta dawowa. Na ce mata to, a aika musu da wani hoton, na gaskiya, ni zan ɗauka, kuma sai ya fi wancan kyau. Robar kuwa na fita da ita na jefa a masai, kada ma a yi dogon zance.

Washegari na zo da kyamara ina taƙama. Auta ta sa farin hijabinta, muka fita tsakar gida rana na tsaka, na danna. Duhu mai ido biyu. Muka koma ɗaki, filasha ta ɗago da kanta ta watsa mata haske, fuskar ta fito toka-toka, goshi yana ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa. Ta karɓi kyamarar ta duba ɗan gilashin baya, ta miƙo mini. "Kin gani ko, Yaya? Haka nike." Ba ta yi kuka ba, ni ce na kusa yi. Na ji kunya, na ji haushin kaina, na ji haushin wannan baƙin ƙarfe da na yi shekara ina yawo da shi ban san shi ba.

Da na koma gida na juya maɓallin nan na raba shi da kore. In an samu sabis in kalli masu koyarwa a waya, in babu in yi ta gwaji. Maigidana shi ma baƙi ne, don haka shi ya zama abin gwajina. In zaunar da shi a gindin darbejiya, in tashe shi in kai shi zaure, in ce ya juya, in ce ya ɗaga haɓa. Ya ce ko lokacin da yake nemana bai sha wannan wahalar ba. A kansa na gane abin da ke faruwa. Kyamara in ta ga farin tufa da rana sai ta tsorata ta rage haske, fuskar baƙin mutum ita ke biyan bashin. Sai ka nuna mata cewa fuskar za ta auna, ba rigar ba, ka buɗe mata ido da hannunka gwargwadon yadda kake so. Na kuma gane baƙar fata ba ta son rana a ka, ba ta son filasha. Tana son haske mai taushi da ke shigowa ta gefe guda, irin na bakin ƙofa da safe. Ranar da na ɗauki maigidana a bakin zaure ya duba hoton, sai ya ce, "Ashe dai kin yi dacen miji."

Na koma gidan Inna wata safiya bayan an kwana ana ruwa, gari ya yi luf, sama ta yi fari ba rana. Na hana Auta farin hijabi, na zaɓo mata atamfa mai ruwan ɗorawa da ɗankwalinta. Na zaunar da ita a kan kujera 'yar tsugunne daga cikin ƙofar ɗaki, haske yana zuwa ta damanta. Ɓangaren hagu ya yi duhu da yawa, sai na tuna da babban tiren silba na Inna, wanda ba a saukowa da shi sai da baƙi. Na ce Inna ta riƙe shi ta karkata, ya maido hasken kan kuncin. Inna ta ce, "Yau ga ikon Allah, tiren aurena ya koma ma'aikacin hoto."

Auta ta ƙame, ta haɗe rai, ta sunkuyar da kai. Na yi lallashi, na yi faɗa, a banza. Inna ce ta cece ni. Ta leƙo ta bayan tire ta ce, "Ke, in haka za ki yi ma ɗan mutane da huska, gara mu maida masu goronsu." Dariya ta kuɓuce wa Auta, ta ɗago kai za ta ba da amsa, na danna.

Ko yanzu na tuna hoton nan sai na ji kaina ya yi girma, kuma ba na jin kunyar faɗa. Baƙinta ya fito yadda yake, mai zurfi mai sheƙi, haske ya kwanta a kan goshi da karan hanci, wushiryar ta leƙo, idon yana dariya. Ba abin da na ƙara mata. Ta riƙe kyamarar ta daɗe tana kallo, har gilashin ya mutu ta ce in kunna mata. Sai ta nuna ɗan tabon muƙamuƙin ta ce ko za a goge. Na ce ban iya ba, kuma ko na iya ba zan yi ba, ai goge-gogen ne ya kawo mu nan. Ta ce, "To a kai masu."

Ban yarda a tura ta waya kaɗai ba. Na kai aka wanko shi babba, na tsaya a kan yaron shagon kamar mai gadin gona, duk lokacin da hannunsa ya nufi wajen ƙara haske in ce kul. Da angon ya zo zance Auta ta ba shi da hannunta, ta ce ya kai wa Hajiya, ya kuma gaya mata wannan ce za a kawo.

Daga Sabuwa ba mu ji komai ba. Ƙanwar angon mai saƙon murya ta yi tsit. Shi kuma in an tambaye shi sai ya ce Hajiya ta karɓa ta sa albarka, maza ba su iya kawo labari ba. Auta ta rame a 'yan makonnin nan, sau ɗaya har ta ce mini da na bar mata robarta da yanzu hankalinta a kwance yake. Na ce ta yi haƙuri. Idan suka karɓe ta da fuska biyu, ni na jawo mata.

Ranar kai amarya da hantsi muka tashi, don ba mai bin hanyar da yamma. Muka bi ta Faskari, mota tana faɗawa rami tana fita, daji ya rufe mu hagu da dama, mata suna ta salati ƙasa-ƙasa. Auta na gefena lulluɓe, hannunta cikin nawa.

Aka kai ta ɗakin Hajiya, mata sun cika shi maƙil har bakin ƙofa. Ina shiga idona ya sauka a bango. Hoton Auta da na ɗauka ne, an sa masa gilashi an rataye shi sama da gado. Hajiya tana zaune a ƙasansa, tsohuwa doguwa, ita ma baƙa wuluk. Aka zaunar da Auta gabanta, aka yi addu'a, aka yi barkwancin sayen baki, sannan Hajiya ta sa hannu ta ɗaga mayafin.

Sai wata daga baya, irin waɗanda ba a rasawa a kowane taro, ta ce, "Af! Ai ba ita ce ta cikin waya ba."

Har na buɗe baki zan ba ta amsa. Hajiya ta riga ni. Ba ta ko waiwaya ba, ta tallabi haɓar Auta, ta dubi fuskar, ta ɗaga kai ta dubi bango, ta sake duban fuskar.

Ta ce, "Wagga ita ce tawa. Waccan ta wayar ban san ɗiyar wa ce ba."

Guɗa ta tashi har sai da kunnena ya yi ƙara. Auta ta fashe da kuka, kukan da ta daɗe tana riƙewa, Hajiya ta jawo ta jikinta tana cewa ya isa. Can ta ɗago ta neme ni cikin mata, ta gan ni da kyamara a wuya.

"Ke ce yayar, mai na'ura? Zo ki ɗauke mu tare. Ni tunda nike ban taɓa ganin huskata a hoto ba, sai dai mayahina."

Na ce, "To Hajiya, sai dai ku matso bakin ƙofa."

Mata suka dare suka ba mu hanya. Auta ta share hawayenta, ta kama hannun tsohuwar ta tashe ta a hankali, ta zaunar da ita inda hasken yake, sannan ta zauna kusa da ita ta ɗaga kai.