Cinikin Garin Taubashina

Ni na raba taubashina da wasan mai dodo, kuma ba a ɓoye na yi ba. A gaban mutane na yi, a rumfar mai cajin waya da ke bakin tashar Bodinga, inda muke zama bayan la'asar idan na taso daga makarantar da nake koyarwa. A lokacin wasanni biyu ne suka raba majalisarmu gida biyu. Dukansu na yaƙi ne a waya: ka gina garinka, ka tara mayaƙa, ka kai wa garin wani hari. Ba wanda ya damu da sunayensu na Turanci. Ɗaya muna ce masa mai dodo, saboda wani ƙaton dodo mai fiffike da ake sakar wa abokan gaba, ɗayan kuma mai ganuwa.

Mai dodo shi ne na kowa da kowa. Faɗa ɗaya minti uku ne, kafin mota ta cika kwandasta ya ci gari biyu. Ko ƙaramar waya tana ɗaukarsa, kuma duk abin da ka buɗe sai tallarsa ta leƙo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a cikinsa ana sayen ƙarfi. Mutum ya sayar da buhun albasa yau, gobe ya wayi gari da rundunar da kai sai ka yi wata kana tarawa. Na sha faɗa musu cewa wannan ba dabara ba ce, kasuwa ce. Su kuma su yi dariya su ce to Malam, kasuwar ai ta cika.

Mu 'yan mai ganuwa mu shida ne kacal a duk garin. Wasan ba ya sauri. Sai ka haƙa rijiya, ka cika rumbu, ka jira kwana biyar kafin ganuwa ɗaya ta tsaya. Sai ka san wanda za ka ƙulla amana da shi, ka san ranar da za ka nemi sulhu. Ba abin saya a ciki sai 'yar tuta da kwalliyar ƙofa. Da wannan nake alfahari, ina ɗaga murya ina cewa namu wasan ba a sayen nasara a cikinsa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina da me masu wasan suke cin abinci ba.

Taubashin nawa ɗan kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. A wani ƙauye gaba da Kajiji suke, kuma kabu-kabu yake yi, don haka kusan kullum sai ya shigo Bodinga da fasinja ko da kaya. Bai yi boko ba, amma kai gare shi, sau ɗaya za ka nuna masa abu. Yana da babban gari a mai dodo, har yaran tasha suna zagaye shi su yi kallo. Ni kuwa na sa shi a gaba da tsokana irin ta taubasai. Kullum sai na ce ga gardi da gemu yana wasan yara, wai shi ɗan makiyaya amma ba shi da haƙurin jiran ganuwa. Wata biyu ina yi. Ran nan ya fusata, ya kira wani kwandasta ya ba shi garin kyauta da lambar sirrinsa, ya miƙo mini waya ya ce in sa masa nawa mu gani.

Cikin shekara biyu ya wuce ni nesa. Ganuwarsa zagaye uku ce, ba wanda ya taɓa fasa ta, har wasu mutane da ba mu san ƙasarsu ba suna neman amana da shi, ni nake karanta masa saƙonsu. Na ji daɗi, na kuma ji kishi, ba zan ɓoye ba.

Da damina babur ya zame da shi a wani kwazazzabo, cinyarsa ta karye. Mai ɗori ya ɗaure shi ya ce wata uku ba motsi. Babur ɗin ba nasa ba ne, mai shi ya aiko aka ɗauka. Aka jawo masa gado zuwa zaure saboda nan ne sabis yake kamawa, aka ɗora ɗan faifan sola a kan katanga. Daga nan duniyarsa ta koma wannan zaure da wannan gari na cikin waya.

Ni na fara ganin saƙon, a ofishin malamai, lokacin tara. Ambulan ja ce, rubutun duk Turanci. Masu wasan mai ganuwa suna godiya, suna ba da haƙuri, suna cewa wasan ba ya mayar da abin da ake kashe masa, don haka a ƙarshen wata mai zuwa za su rufe shi baki ɗaya. Sau uku na karanta. Na ji zuciyata tana tafasa, na rasa wa zan zaga, su ko 'yan mai dodo ko kaina. Da la'asar na je rumfa na zauna kamar ba abin da ya faru. A lokacin garuruwan mai dodo har sayar da su ake yi, kuma kowa ya san kwandastan nan ya sayar da wanda aka ba shi kyauta, ya sayi ɗan maraƙi.

Ranar Asabar na je duba taubashina. Ya rame, idanunsa sun faɗa, amma da ya gan ni sai ya fara tsiya, wai malamin firamare ya zo koyon yaƙi. Can ya miƙo mini waya.

"Malam, duba man wanga jan abu. Kwana biyu yana nan, mi sunka ce?"

Na karɓa na yi kamar ina karantawa. "Gyara za su yi," na ce. "Ba wani abu ba na."

Sannan na danna na goge saƙon. A hanyar dawowa na yi ta gaya wa kaina tausayi ne, mutum yana kwance ba a ƙara masa ciwo. Akwai tausayin, amma ba shi ne babba ba. Tsoro nake ji ya dube ni ya tuna wanda ya raba shi da ɗan maraƙi.

Sati uku bayan nan ya kira ni, muryarsa garau kamar wanda ya warke. Ya ce in zo Lahadi akwai ciniki. Wani saurayi manomin albasa daga Dingyadi, wanda ni ɗin nan na koya wa mai ganuwa a rumfa, ya ce yana son babban garin, zai ba da tunkiya mai ciki. Shi ma Turancinsa bai wuce na lambar waya ba, jan saƙon ya gani a ƙaramin garinsa ya wuce shi kamar yadda ake wuce talla.

"Ina son garin," in ji taubashina, "amma ka ga gida. In ta haihu ko ba komi an samu abin kamawa. Baba ya ce sai ka zo, kai ka san kan abin."

Na shiga bas zuwa Shagari, daga nan na hau babur. Duk tsawon hanyar ƙasar nan lissafi ɗaya nake yi. Saura kwana goma sha biyu a rufe wasan. Idan na yi shiru, ɗan'uwana ya sami tunkiya, in an rufe kowa ya ce ƙaddara ce, ba wanda zai san na sani. Idan na yi magana, ba tunkiya, ba gari, ga ƙaryata a fili. Har muka wuce Kajiji ina kan cewa shiru zan yi. Ai ba ni ke saye ba, ba ni ke sayarwa ba.

Na iske su a ƙofar zaure bayan azahar. Tunkiyar fara ce mai baƙin kunne, an ɗaure ta a turke, cikinta ya sauko. Saurayin yana tsugune gefe, ya gaishe ni har ƙasa. Taubashina an jingina shi da matashi, ya sa riga mai kyau. Kawu yana kan tabarma da sandarsa. Shekara talatin yana dillancin dabbobi a kara, kuma ko da yake abin dariya yake ba shi, wai a musanya tunkiya da hoto, ya ce tunda ciniki ne a gidansa sai an yi shi yadda ake yi.

Ya tashi ya buɗe bakin tunkiyar ya duba haƙora, ya shafa ciki, ya taɓa hantsa, ya sa aka ja ta ta yi taku. Sannan ya dawo ya zauna ya fuskanci saurayin.

"Yaro, tsakaninka da Allah, akwai aibin da kas sani gare ta?"

"Baba, ta yi tari bara da sanyi, anka ba ta magani ta warke. Kuma nononta na hagu bai kai na dama ba. Ban san wani ba bayan wanga."

Ba wanda zai gane tarin bara da ido. Da ya yi shiru, shi ke nan. Na kasa haɗa ido da yaron.

Kawu ya ce madalla. Ya karɓi wayar ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini.

"To Malam. Ni wagga dabba ban san bakinta ba, ban san wutsiyatta ba. Mai ita ɗana na, ba ni tambayar shi. Kai ka kawo ta gidan ga, kai ad da karatu. Tsakaninka da Allah, akwai aibi?"

"Aibinta guda na, Baba," taubashina ya ce yana dariya, "wanda yak kawo ta."

Suka yi dariya su duka, har saurayin. Ni ina riƙe da wayar, garin yana buɗe a gabana, ganuwa uku, rumbuna cike, 'yan mutanensa suna ta kai da komo. Tunkiyar ta yi kuka. Kawu bai sake tambaya ba, jira kawai yake, hannunsa a buɗe don ya haɗa hannuwansu ya sa albarka. Na buɗe baki da niyyar in ce babu, harshena ya ƙi.

"Akwai, Kawu."

Dariyar ta tsaya. Na faɗa musu duka, kaina a ƙasa: masu wasan sun ce ba ya kawo musu komai, saura kwana goma sha biyu su rufe, ranar nan garin zai ɓace da shi da nawa da na kowa.

Saurayin ya yi salati a hankali. Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya naɗe hannunsa ya ce, "Ciniki ya tashi. Yaro, kwance abinka, Allah shi ba ka alheri." Yaron ya yi mini godiya, godiyar da na fi so a ce marina ya yi. Muna ji ya ɗaure tunkiyar a bayan babur, ya tayar ya tafi. Kawu ya ɗauki buta ya shiga gida.

Muka rage mu biyu. Taubashina bai ɗaga murya ba, shi da ko gaisuwa da ihu yake yi.

"Jan abin nan na?"

"Shi na."

"Wanda kac ce gyara?"

Na gyaɗa kai.

"Tun ran nan kas sani."

"Na ga kana kwance, na ce kada in..."

"Da ka hwaɗa man, mi za ni yi maka? Tashi za ni yi in bi ka da gudu?" Ya nuna ƙafar da ke ɗaure. "Satin da yaw wuce kazar Inna anka saida anka sa man data, don in ƙare gyaran ganuwar ƙarshe kahin mai saye shi zo. Kai kana Bodinga kana sane."

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Halina na gardama ne ya taso, na ji bakina yana cewa ai ba laifin wasan ba ne, wallahi har gobe ya fi mai dodo, mutane ne ba su san abu mai kyau ba. Ya dube ni kawai. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Muna nan sai ga mahaifiyarsa ta leƙo daga cikin gida, ba ta san abin da ya faru ba. Ta amsa gaisuwata da fara'a, ta kwance bakin zanenta ta fito da wata takarda a ninke.

"Malam, tunda Allah ya kawo ka, duba muna wagga. Jiya anka kawo maganin ƙahwa daga Shagari, mun rasa sau nawa za ya sha."

Na miƙa hannu. Kafin in kai, ya riga ni, ya karɓe takardar daga hannunta ya tura ta ƙarƙashin matashi.

"Bar shi, Inna," ya ce. "Gobe a kai ma mai kemis shi karanta."