Ɗauraya Ukun Gwaggo

"Sau nawa kika ce kina ɗaurayewa?" in ji Dakta.

"Uku."

"Takardar ƙa'idar wanki ta ce bakwai, Gwaggo."

"Takarda ba ta da ciwon baya, ɗan nan."

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma haka kowa ke kiranta a ɗakin binciken da ta shekara goma sha tara tana wankin kwalabe. Na kai mata tabaraun da ta manta a gida, na tarar da ita da Dakta, wani mai bincike a wurin, a bakin famfo. Tun da aka sayo injin wanki aka ce mata ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ba ta gaya wa kowa a gida ba sai ni.

Dakta sinadaran furotin yake tatsowa daga jikin ƙwayoyin bakteriya, yana jira su harhaɗu su yi zare-zare. A kwalaben da inji ya wanke, sai su liƙe a jikin gilashi, sauran su cure kamar madarar da ta tsinke. Mako biyar yana asara. A kwalabe shida na wankin hannun Gwaggo da suka rage a kabad, ruwan ya fito garau, zaren ya haɗu.

"Wato ƙazantata ce ta yi maka rana," ta ce.

"Ragowar sabulunki ne. Ɗan kaɗan ɗin nan yana lulluɓe gilashin, ya hana su liƙewa. In ya yi yawa kuma, warware su yake, su lalace."

"To ai ko gishiri haka yake. Sai da ka yi digiri uku ka sani?"

Dakta ya yi dariya, ya ce abin da bai sani ba shi ne adadin. Dole ya auna. Tun safe ya rubuta wa shugaban wurin cewa a bar mata wankin kwalabensa wata shida. Ba a amsa ba tukuna, amma shugaban ya sauko da kansa ya duba kwalaben shida.

Gwaggo ta goge hannu a jikin rigar aikinta, ta karɓi tabarau.

"Sabulu nawa kike zubawa?" ya tambaya, biro a hannu.

Ta nuna masa murfin gora. "Rabin wannan. In ruwan da sanyi, in ƙara ɗigo."

"Ɗigo nawa?"

"Zo ka ƙirga da idonka."

Ta ɗauki kwandon kwalabe ta nufi ɗaya famfon, Dakta na biye da littafinsa.