Shekara Bakwai Babu Yaya Hamadu, Jirginsa Yana Ɗiga

Shekara bakwai ke nan da rasuwar wana, Yaya Hamadu, kuma tun ranar da muka binne shi nake faɗa a ko'ina cewa duk Garwa, daga bakin gada har Lagdo, babu wanda ya san jirgin ruwa kamar ni. Hujjata ba ƙarama ba ce: marigayi bai taɓa ɗaga jirginsa ba sai ya aiko a kira ni. Ko ina cikin wanka sai an jira. Mutum ya yi irin wannan zama da gwani, ai ko ta hanci ilimi ya shige shi.

Bana aka tona ni. Ruwan Binuwai ya fara hawa, masu albasa da masara sun fara tambaya, sai direban jirgin, Yakubu mutumin Poli, ya zo ya ce toshiyar sandar farfela ta tsage, gyara ya ƙare, sai sabuwa. Na gyaɗa kai kamar likita, na ce dama na jima ina zarginta. Sai da ya tafi na tambayi kaina: mece ce ita?

Ga abin da na gano, don masu irin ilimina. Injin jirgin Yaya a ciki yake, farfela kuma a waje cikin ruwa. Sandar ƙarfe ce ke haɗa su, ta huda gindin jirgin ta fita. Wato da gangan aka yi wa jirgi rami a ƙarƙashin ruwa, sannan aka ce wani abu ya rungumi sandar, ya bar ta ta juya, ya hana kogi shigowa. Shekara da shekaru ina zaune kan rami ina ba da labari!

Kuma ba abin dariya ba ne. Jirgin nan shi ke ciyar da Hajiya Dudu, matar marigayi, da 'ya'yanta. Ruwan da zai ɗauke shi da kaya na 'yan watanni ne, in ya janye sai baɗi. Yakubu kuwa ya ƙi zaɓa, ya ce shi tuƙi aka ɗauke shi, ni ne babba yanzu.

Na shiga wajen masu kayan inji a unguwar Roumdé Adjia. Na farko ya ɗauko irin ta dā, wadda ake cusa wa igiya mai maiko a ɗaure, ya ce wannan dole ta riƙa ɗiga, in ta daina ɗiga to ta yi zafi, za ta ci sandar. Na biyu ya nuna mini zoben roba, ya rantse ɗigo ɗaya in na gani in dawo masa da kayansa. Na uku ya ce yashin Binuwai zai cinye robar kafin in kai garin Pitoa, ya fito da wata mai fuska biyu da ke gogar juna, ya yi mini bayani da Faransanci, da ya ga idona ya juye ya koma Fulatanci, abin ya ƙara lalacewa. Wannan ya ce ɗiga lafiya ce, wancan ya ce ɗiga mutuwa ce, kuma dukansu da tabon salla a goshi. Na fito ban ma tuna inda na ajiye babur ba.

A nan ne kewar Yaya ta kama ni sosai. Da yana nan me zai ce da kayan zamanin nan? Na kasa yanke masa hukunci. Mutum ne da ya riga kowa sayen waya a unguwarmu, amma har ya mutu bai yarda da abin da ba zai iya kwancewa da sifana a tsakiyar kogi ba. Na tuna yadda yake durƙusawa bayan inji, ya taɓa wani abu da bayan hannu, ya sunkuyar da kai. Ni a lokacin na ɗauka addu'a yake yi. Wataƙila zafin toshiyar yake ji. Wataƙila duka biyun.

A ƙarshe na sayi mai igiyar, ba don na gane ba, sai don ita ce ta yi kama da halinsa. Yaya bai taɓa neman abin da ba ya yoyo ba, ko jirgi ko mutum. Ya zauna da ma'aikaci mai makara, da ɗan uwa mai surutu, yana ɗan ɗaurewa, yana ɗan kwashe ruwa, tafiya na tafiya. In akwai abin da ya bar mana da ya fi katako da ƙarfe, wannan haƙurin ne.

Ranar gwaji muka ɗora buhuna muka shiga ruwa. Ɗigar ta fi abin da aka faɗa mini. Yakubu ya ɗaure toshiyar kaɗan, ya taɓa ta, ya girgiza kai, sannan ya ce cikin ladabi, "Alhaji, koma can gaba ka zauna, inda marigayi yake ajiye ka." Na koma. Ɗigar ta lafa. Muka je muka dawo lafiya, gobe kaya za su tashi.

Da yamma na je wa Hajiya Dudu da albishir. Na ce mata ta gode wa Allah da ya bar mata ƙanin miji irina, wanda zamansa kaɗai yake sa jirgi ya natsu, shi ya sa Yaya ba ya tafiya sai da shawarata. Ta yi dariya har ta share ido da bakin mayafi.

"Allah sarki, maigida ƙarami. Shi dai abin da ya faɗa mini, in ka danne gaba da tumbin nan, baya yakan ɗan ɗaga, ruwa ya rage shiga. Ya ce ka fi buhun siminti, tunda kai da ƙafarka kake hawa."