Wanda Ya Jera Kwandon Sama

Rigimar farko da Mai Soso ta yi da injin wanke-wanke, ita ta sha ƙasa, kuma a gaban yara. Ranar da aka kawo shi gidan ɗanta Auta, ta zagaya shi sau biyu tana taɓe baki, ta ce akwatin da ba shi da yatsu ba zai wanke ko cokali ba. Surukarta, wadda kowa ke kira Nas saboda aikin asibiti, ta ce, "To Inna, gwada shi da kanki."

Ta gwada kuwa. Ta jera kofuna a kwandon sama na cikin injin, bakinsu na kallon sama, yadda ake jera wa baƙi a tire, ta danna inda aka nuna mata, ta jawo kujera ta zauna gadi. Da aka buɗe, kowane kofi cike yake da ruwan dauɗa, ɓarɓashin abinci na iyo a ciki.

"Kun gani ko?" in ji ta. "Aka ce ya wanke, shi kuma ya dafa muku romo."

Nas ta zubar da ruwan. Ta kife kofunan ɗaya bayan ɗaya, ta sake kunnawa. Suka fito suna ƙyalli har mutum ya ga haƙoransa a jiki. Auta ya yi dariya har sai da ya dafa firij, jikoki suka taya shi. Mai Soso ta ɗauki kofi guda, ta ɗaga shi wajen taga tana neman tabo, ba ta samu ba. Ta ajiye ta ce ƙafarta na ciwo.

Dole abin ya yi mata zafi. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana wanke-wanke a ɗakin cin abincin wata masaƙa, faranti ɗari huɗu a wuni, ban da tukwanen da yaro zai iya wanka a ciki. Can aka laƙaba mata Mai Soso, sunan ya bi ta har gida ya kori na gaskiya. Da wannan soson ta raini 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta. Har yau in ta shafa kan jika sai ya ce hannunta na karce shi.

Sai dai ita ba ta iya barin abokin gaba ba tare da ta san cikinsa ba. Ta zauna ta karanci injin nan tsaf. Ta gano roba ba ta bushewa a cikinsa, ta gano ƙonannen gindin tukunya ya fi ƙarfinsa, kuma irin wannan tukunyar takan ɗauke ta zuwa famfo tana murmushin mugunta. Duk Asabar sai ta durƙusa da ƙyar, ta murɗe 'yar rariyar da ke ƙasansa inda ƙazanta ke taruwa, ta goge ta da tsohon buroshin haƙori. Ta tsokane ƙofofin fankar da ke fesa ruwa da allura, ta share robar ƙofa, ta zuba masa gishirinsa. Tana yi tana zaginsa, malalaci, ci-ma-zaune. Shekara tara suna haka, bai taɓa kwanciya ciwo ba.

Ita ce ta fara nuna alamar tsufa. Rannan ta bar gas a kunne. Wata rana aka tsinci makullin gida a cikin firij. Daga nan in ta shigo falo sai Auta da Nas su sauya zance, amma kunnenta bai tsufa ba, ta sha jin "gidan Yaya". Gidan babbar 'yarta ke nan, tafiyar awa takwas, inda akwai 'yar aiki da kujera mai laushi, kuma ba a barin tsohuwa ta taɓa ko tsinke.

Ran Lahadi aka yi baƙi da rana. Nas na wurin aiki, gwiwar Mai Soso ta matsa mata, ta shiga ɗaki ta kwanta ta bar kwanukan sai anjima. Daga kan gado ta ji ƙarar faranti a kicin, ta ji injin ya tashi, ta ji Auta ya ja ƙofa ya fita raka baƙi. Har ta sa masa albarka a zuci. Bayan rabin awa sai ga kumfa tana leƙowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakinta.

Nas ta dawo ta tarar da maƙwabcinsu na hawan ƙasa a bakin ƙofa yana cewa silin ɗinsa na ɗiga, ta tarar da surukarta tsaye cikin kumfa har idon sawu, rariyar injin a hannunta.

"Inna, me kika yi masa?"

"Dubawa nake."

"Wa ke taɓa injin nan in ba ke ba?"

Mai Soso ta san Auta ne ya kunna shi. Ba ita za ta tsinka ɗanta a gaban matarsa da maƙwabci ba. Zai dawo ya faɗa da bakinsa. Nas ta karɓe rariyar ta mayar, ta zare waya daga soket, ta rufe injin da kwanukan a ciki, ta ce kada wanda ya sake taɓa shi sai mai gyara ya gani. Auta ya dawo, ya ji labari, ya kalli ƙasa ya ce, "Ikon Allah." Iyakar abin da ya ce ke nan. Kafin a ci abincin yamma ta ji shi a baranda yana waya da Yaya, ana maganar ranar Juma'a da mota.

Da safe mai gyara ya iso, wani siriri mai furfura da tabarau a goshi. Nas ta ɗauki hutun rabin wuni, Auta ya jingina da firij yana latsa waya, Mai Soso ta zauna a kujerarta ta gadi, hannuwa a cinya. Mutumin ya jawo kwandon ƙasa ya ajiye gefe, ya murɗe rariya, ya ɗaga ta wajen haske.

"Shekararsa nawa?"

"Tara," in ji Nas. "Kullum tana kwance masa ciki, ina hana ta."

"Kada ki hana. Irin wannan a shekara biyar ko shida ake kira na in yi masa ta'aziyya. Wanda ke goge rariyar nan shi ya raya shi." Ya taɓa tiyo, ya bi robar ƙofa da yatsa. "Ba inda ya fashe. Lafiyarsa ƙalau."

Mai Soso ta saki numfashin da ta riƙe tun jiya. Ba ta gama sakinsa ba mutumin ya dangwali ruwan da ya kwanta a ƙasan injin, ya murza, ya sansana.

"Sabulun ruwa aka zuba masa, na wanke-wanken hannu. Cokali biyu ya isa ya cika gida da kumfa. Nasa sabulun ya ƙare ne?"

Nas ta buɗe kabad, kwalin babu komai. Sannan ta juya a hankali ta dubi bakin famfo, inda kwalbar sabulun Mai Soso ke zaune kusa da sosonta, ta yi ƙasa da rabi. Duk gidan mutum ɗaya ke amfani da ita.

"Inna," in ji Nas, muryarta a sanyaye, abin da ya fi faɗa ciwo. "Shekara tara kin san ba a sa masa wannan. Jiya kumfa ce. Gobe in gas ne kuma yara na gida fa?"

Mai Soso ba Nas take kallo ba. Auta take kallo. Yatsansa ya tsaya cak a kan waya. Jiya mai yiwuwa bai san sabulun ne ba, amma yanzu ya sani. Ta ba shi lokaci. Ta ƙirga tayil ɗin da ke tsakanin ƙafarta da tasa, guda bakwai, ta sake ƙirgawa. Mai gyara ya sami abin yi a cikin jakarsa.

Auta ya gyara murya. "Inna, ba wanda ya ce laifinki ne. Tsufa ne, kowa zai je. Gidan Yaya za ki huta, ba mai sa ki komai."

To, shi ke nan. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara ɗankwali.

"Malam mai gyara, don Allah jawo mini kwandon sama. A hankali, kada ka jiƙa takalminka."

Ya jawo. Kofuna goma sha biyu da ƙananan kwanuka huɗu, dukkansu bakinsu na kallon sama, kowanne cike da ruwan dauɗa yana tangaɗi. Nas ta dube su, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta juya ta dubi mijinta, irin kallon da take yi wa majinyacin da ya rantse ya sha maganinsa.

"Ai Inna ma tana iya mantawa ta..." Auta ya fara.

"Ni sau ɗaya aka koya mini kife kofi, ɗan nan, kuma ranar kai ka fi kowa dariya," in ji Mai Soso. "Ashe dariyar ce ta hana ka jin karatun."