Yaya Sani Bai Tona Abdu Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Sani. A Zongo ba kowa ne ya san shi da wannan suna ba. Kapiten Baru ake ce masa, har da tsofaffin da ba su san ma'anar kapiten ba. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan dafa shinkafa in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in koma kan keken ɗinkina. Bana ne kawai na ɗauki alƙalami.

Matasan yau ba su riski zamanin ba, don haka bari in yi bayani. Yaya yana rubuta teyatur, wato wasan kwaikwayo, a wani gidan radiyo mai zaman kansa a nan Yamai, ana sa shi kowace Asabar bayan la'asar. Labarin wani jirgi ne da ya bar duniya bayan kogi ya ƙafe, ya kwashi masunta da teloli da matan kasuwa, suna neman wani kogin a cikin taurari. Yaya ne muryar mai jan jirgin. Mutanen ciki suna gaisawa da fofo irin ta Zabarmawa, suna gardama kan wanda ya shanye ruwan wani, kamar dai a tsakar gidan haya. Masu taksi sukan tsaya gefen hanya har a gama. Wata tsohuwa ta taɓa tasowa daga Tondibia da busasshen kifi a ƙulle, ta ce a ba Kapiten ya yi guzuri.

Abdu ya zo wurinsa yana ɗan shekara ashirin da ƴan kai, ya bar karatun lakwal, ba shi da komai sai kyakkyawan rubutu. Yaya ya koya masa inda ake yanke labari don mai saurare ya ƙagu, da yadda ake jan numfashi nesa da mikro. Ya ba shi muryar na'urar jirgin, wadda ake yi da gwangwanin madara a baki. Shekara shida suna tare. A kwanonmu yake ci, kuma Yaya ne ya je nema masa aure.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da Yaya mako uku. Abdu ya rubuta kashin makon shi kaɗai, ya bar Kapiten yana barci a cikin jirgi, ya saukar da sauran a wata duniya inda wani attajiri ya mallaki iska, ba mai shaƙa sai da izininsa. Attajirin yana yin tari sau biyu kafin ya yi magana. Duk garin ya san mai wannan tarin: wani alhaji ne, aminin mai gidan radiyon, wanda tallarsa ke ɗauke da shirin.

Alhajin ya fusata, aka ce za a kori wanda ya rubuta. Ranar Litinin Yaya ya tashi da kyar, ya sa riga, ya tafi biro, wato ofishin direkta. Ya ce shi ya rubuta daga kan gado, Abdu karantawa kawai ya yi. Kafin azahar ya dawo da kayansa a cikin kwali.

Na ce, "Yaya, ina nan fa. Ko cokali ba ka iya riƙewa."

Ya ce, "Matar Abdu na da ciki wata bakwai, Hadiza." Ya zauna yana cire takalmi. "Kuma rubutun ya yi kyau. Ya fi nawa."

Ba gidan radiyon da ya sake ɗaukar sa. Abdu kuwa aka bar masa shirin, bisa sharaɗin ya fitar da Kapiten ta yadda ba zai dawo ba. Bayan mako biyu muka ji shi a tsakar gida. An gano wai Kapiten Baru ya sayar wa abokan gaba taswirar hanya, aka sauke shi a kan wani tauraro da babu ko ciyawa, aka rufe ƙofa. Wani ne ya kwaikwayi muryarsa. Na duba fuskar Yaya. Ya kashe radiyo, ya ce, "Ya yi gaggawa. Da ya bar shiru kaɗan kafin ƙarar ƙofar."

Washegari yaran unguwa suka fara binsa suna kiransa maci amana. Manya ma wasu sun daina miƙa masa hannu a masallaci, sun kasa raba mutumin da muryar. Ya haye gada ya koma Harobanda, ya buɗe rumfar gyaran radiyo, daga baya ya koyi gyaran waya. Shekara goma sha ɗaya ya yi a can. Abdu bai taɓa haye gadar ya je wurinsa ba. Amma kowace Asabar Yaya yakan ajiye aiki ya saurari shirin, in wani ya kushe shi a rumfar ya tare masa.

Sau ɗaya na yi niyyar tona maganar. Wani ɗan jarida ya zo yana tambaya, ya ce ya ji ƙishin-ƙishin. A lokacin takardun kashin attajirin nan suna hannuna, na same su a ƙasan kwalin, da rubutun Abdu tun daga farko har ƙarshe. Na ce wa Yaya zan ba shi. Ya ce in miƙo ya duba. Yana dafa shayi ne. Ya cusa su cikin garwashi, ya ɗora buta a kai.

Ya ce, "Ni na koya masa ya rubuta abin da idonsa ya gani, kada ya ji tsoro. Ya rubuta. To wa ya kamata ya ɗauki dukan?"

Muka sha shayin.

Hawan jini ne ya kai shi likita, ya kwana huɗu, ya cika da rana tsaka. An ce mini Abdu ya je jana'iza, ya tsaya a sahun baya. Bai shigo gaisuwa ba.

Yanzu ba mai tsayar da taksi don radiyo. Kowa kansa a sunkuye yake cikin waya, kuma na'urar da ake kwaikwayo da gwangwani ta zo da gaske, ana tambayarta tana amsawa. Nakan ce da Yaya na nan me zai yi da ita? Ina jin zai fara tambayarta ko kogi zai ƙafe, sannan ya gyara mata Hausarta. Ba na jin zai yi mamaki. Ya riga ya zauna da waɗannan abubuwan shekaru kafin su iso.

Watan jiya Abdu ya yi sallama a ƙofata. Ya yi furfura, yana shirya finafinai yanzu, sunansa ya kai nesa. Ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma. Ya ce akwai ordinata, wato kwamfuta, da ke iya dawo da muryar mutum in an ba ta tsofaffin kaset. Yana so ya yi kashi ɗaya inda jirgin zai koma ya ɗauko Kapiten, a wanke shi.

Na ce, "Muryarsa ta kwanta, Abdu. Ba zan ba ka ita ta faɗi abin da bai faɗa ba. In wankewa kake so, kana da baki."

Ya ce, "Na gwada, Tanti. In na zauna gaban mikro sai maganar ta ƙi fitowa. Ke rubuta a jarida. Sa sunana."

Shi ya sa kuke karanta wannan. Ban sani ba ko Yaya zai yarda. Ina jin ba zai yarda ba.

Da ya tashi tafiya, ya tsaya yana neman takalminsa alhali suna gabansa. Ya ce, "Tanti, ya taɓa zagina? Ko sau ɗaya?"

Na gane so yake in ce e. Da ya samu zagi ɗaya, da ya tafi da ɗan sauƙi. Na tsaya na binciki shekarun nan duka, da gaske na nema masa. Ban samu ba.

Na ce, "Ko sau ɗaya."

Ya koma ya zauna a dokin ƙofa, ya rufe fuska da hularsa. Na kawo masa ruwa, na tsaya ina kallonsa.

Shirin ya mutu tuntuni, rumfar Harobanda wani ke sayar da taya a ciki, kaset ɗin kuma rabi zafi ya narkar da su. Abin da na ga ya rage na yayana shi ne mutumin nan mai shekara hamsin, wanda duk gari ke girmamawa, zaune a ƙofata ya kasa ɗaga kofin ruwa. Allah Ya jiƙan Sani. Abdu kuma Allah Ya ba shi ikon ɗauka, don ba wanda zai ƙara karɓar masa.